Excel, manhajar haya, CiviCRM ko kwangilar gini: wacce ƙungiyar 'yan kasuwa za ta ɗauka?

Duk ƙungiyar 'yan kasuwa da mambobinta suka haura 'yan ɗaruruwa, ba daɗe ba jima sai maganar sayen manhaja ta taso a zaman shugabanni. Galibi abu biyu ke tayar da ita. Ko dai zaɓe ya ƙarato, an rasa tsayayyen jerin waɗanda suka biya kuɗin shekara, ko kuma mai binciken kuɗi ya ce a haɗa masa kowane alat da rasit ɗinsa, aka yi ta lalube. Daga manyan cibiyoyin ciniki irin KACCIMA ta Kano da KADCCIMA ta Kaduna, waɗanda ke ƙarƙashin inuwar NACCIMA, har zuwa ƙungiyoyin layi-layi na Kantin Kwari da Singa da Dawanau, aikin sakatariya kusan ɗaya ne: rajistar mamba, karɓar kuɗinsa, ba shi shaida, kiransa taro, da sanin ko yana da ƙuri'a ranar zaɓe. Manyan kan ƙara da rabon rumfuna a bikin baje koli da takardun masu fitar da kaya waje.

Hanyoyi huɗu ne a gabanku: ku zauna a kan Excel ko Google Sheets amma ku gyara masa zama, ku kama hayar manhajar da ke kan intanet, ku ɗauki ta kyauta irin CiviCRM ku biya wanda zai kafa muku, ko ku ba da kwangila a gina muku taku. A ganina, yawan abubuwan da manhaja ke iya yi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Ƙungiya ba kamfani ba ce. Shugabanninta na sauka bayan wa'adi, wanda ya sa hannu a kan sayen ba lallai ya kasance nan ba ranar da abin zai lalace. Don haka ma'aunan da ke ƙasa sun fi karkata ga abin da zai faru bayan an rantsar da sababbi.

Ma'aunai kafin a kira kowane dillali

Na farko kuɗi, amma na shekara uku a haɗe, kuma a tambaya da wane kuɗi za a biya. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake lissafawa kusan naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ɗauka ƙungiya na biyan dala 100 a wata: abin da ke cin naira 46,000 ya koma 150,000, alhali kuɗin mamba yana nan yadda babban taro ya yanke shi, kuma ba a ƙara shi sai wani babban taron. A ƙara da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda yanzu kamfanonin waje da dama ke ɗorawa a kan kwastomominsu na Najeriya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun huta da rabin wannan idan farashin a yuro yake, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957.

Na biyu, wa ke riƙe da mabuɗi, kuma ta ina ake fita. Wannan shi ne ma'aunin da na fi ba nauyi. Da sunan wa aka buɗe asusun? Imel ɗin wa ke karɓar lambar sirri idan an manta kalmar shiga? Layin wayar wa aka ɗaura? Idan kuka ce gobe kun fasa, za ku iya kwashe sunaye, tarihin biyan kuɗi, hotuna da takardun da mambobi suka ɗora, a siffar da wata manhajar za ta karanta? Ƙungiyar da ke da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da amintattu, kuma su ne masu riƙon dukiyarta a doka. Rajistar mambobi dukiya ce, ta fi kujeru da fankokin ofis daraja, amma ita ce aka fi bari a hannun mutum ɗaya.

Na uku, wa zai zauna a gabanta kullum. Ba shugaba ba ne, ba kuma saurayin da ya zo ya nuna ta da majigi ba. Akawun sakatariya ne, wanda mai yiwuwa shi ne mai buga wasiƙu, shi ne mai zagayawa karɓar kuɗi.

Na huɗu wuta da sabis. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna, an shafe makonni. A Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. A Oktoban 2024 kuma yawancin Arewa ta yi sama da mako babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layuka. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet tana buƙatar tanadi, wadda ke zaune a kwamfutar ofis ita ma haka, sai dai tanadin ya bambanta.

Na biyar karɓar kuɗi, kuma nan ne sakatariya ta fi shan wahala. Alhaji ya aiki yaron shagonsa ya biya kuɗin shekara. Yaron ya je wurin mai POS, ya ba shi tsabar kuɗi, mai POS ya tura. Alat ya shigo wayar ma'aji da sunan mai POS, babu sunan Alhaji, babu lambar shago. Bayan kwana uku Alhaji ya turo hoton rasit ta WhatsApp zuwa wayar sakatare, wanda ba shi ke ganin alat ba. Kuɗi sun shiga, amma a littafi Alhaji mai bashi ne, kuma ba zai sani ba sai ranar zaɓe da aka ce ba shi da ƙuri'a. Maganin wannan shi ne kowane mamba ya sami lambar asusu tasa ta musamman, wadda duk wanda ya tura kuɗi cikinta, manhaja ta san na wane ne. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin Paystack da Monnify suna ba da irin wannan lambar. Tambayar da za ku yi wa kowane zaɓi ita ce: zai iya haɗuwa da su?

Na shida doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyi. Mamba na da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Akwai kuma sharuɗɗa a kan kai bayanai wata ƙasa. Mafi sauƙin kariya shi ne kada a karɓi abin da ba a buƙata. Ban ga abin da ƙungiyar masu atamfa za ta yi da BVN ɗin mamba ba.

Excel ko Google Sheets

Ana raina wannan zaɓi, kuma bai cancanci raini ba. Kuɗinsa kusan babu, asusun Google na kyauta na zuwa da gurbin ajiya na gigabayit 15, kuma takardar Excel guda na ɗaukar layuka sama da miliyan ɗaya, abin da babu ƙungiyar da za ta cika. Kusan duk wanda ya yi makarantar kwamfuta ta wata uku ya iya shi, don haka idan akawu ya bar aiki ba a rasa madadinsa. Excel na aiki babu intanet. Fita daga cikinsa kuma ba ta da wuya, domin kusan kowace manhajar rajista na karɓar bayanai daga gare shi.

Sai dai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Excel ba ya hana kowa komai sai an tsara shi da gangan. A rubuta lambar waya 0803 a gidan da ba a mayar na rubutu ba, sai ya haɗiye sifirin farko, a wayi gari lambobi ɗari biyar sun gurgunce. Mutum ɗaya na iya shiga sau uku, Muhammad a nan, Muhammadu a can, Mohammed a wani layin, kowanne da bashinsa. Wanda ya jera shafin sunaye kaɗai bisa haruffa ya manta da na kuɗi, ya cakuɗa biyan kowa da na kowa a daƙiƙa ɗaya. Mafi muni shi ne kwafi: ɗaya a kwamfutar ofis, ɗaya a filashin sakatare, ɗaya a wayar ma'aji, kuma kowa na rantsuwa nasa ne na gaskiya.

Google Sheets ya rage wannan, domin takarda ɗaya ce kowa ke kallo, tana ajiye tarihin wanda ya canza me da yaushe, ana kuma iya kulle wasu shafuka. Amma tarihin ba shi da amfani idan mutum biyar na shiga da imel ɗaya. Ba ya fitar da rasit da kansa, ba ya tuna wa mamba lokacin biya ya yi, kuma haɗa shi da asusun banki sai da dabarun da ke karyewa idan wanda ya ƙulla su ya tafi.

Abokin tafiyarsa a wurinmu WhatsApp ne, shi ma da iyakarsa. Zaure ɗaya ba ya wuce mutum 1,024. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa kuma 256 ne, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarku a wayarsa. Sanarwar babban taro da ta dogara da wannan kaɗai, wanda ya faɗi zaɓe zai iya cewa ba a gayyaci mutanensa ba, kuma ba ku da hujjar ƙaryata shi.

Manhajar haya

Nan kamfani ne ke riƙe da komai a nasa rumbun, ku kuna shiga ta intanet kuna biya wata-wata ko shekara-shekara. Akwai waɗanda aka gina musamman don ƙungiyoyi, irin Wild Apricot da aka fara a Kanada da Glue Up da cibiyoyin ciniki a ƙasashe da dama ke amfani da ita. Akwai kuma na kula da kwastomomi gaba ɗaya irin Zoho CRM na Indiya, wanda sai an lanƙwasa shi kafin ya yi aikin rajistar mambobi.

Daɗinta a fili yake. Cikin kwanaki an fara aiki. Babu ruwanku da sabunta manhaja, toshe ƙofofin 'yan kutse, ko kwafin ajiya na dare. Idan ofis ya ƙone, kamar yadda gobarar 2016 ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, rajista na nan, a buɗe ta daga kowace waya. Kowane ma'aikaci da tasa kalmar sirrin, da iyakar abin da zai iya taɓawa.

A kula da yadda ake lissafin kuɗin, don ya bambanta. Wild Apricot na caji bisa yawan mutanen da ke cikin rumbun, kuma ba mambobi kaɗai ake ƙirgawa ba, har wanda ya yi rajistar taro sau ɗaya. Ƙungiyar da ke shirya baje koli za ta iya tsallakawa mataki na gaba na farashi saboda baƙin mako biyu. Zoho CRM kuwa bisa yawan ma'aikatan da ke shiga yake caji, yana da na kyauta ga mutum uku, kuma kamfanin na karɓar naira daga kwastomominsa na Najeriya, abin da ke rage fargabar canji. Waɗanda ke karɓar dala kaɗai suna da wata matsalar bayan tsada: tun daga 2022 bankuna da yawa suka taƙaita ko suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka. Abin da ya biyo baya a wurare da yawa shi ne wani mamba mai katin dala ya riƙa biya da nasa ana mayar masa. Ranar da ya ɓata da shugabanni, haya ta tsaya.

Babbar illarta a wurinmu ita ce an gina yawancinsu don mutanen da ke rayuwa a cikin imel. Tunatarwar biya ta imel, rasit ta imel, shiga ma sai da imel. Mai shago a Kwari yana da imel ɗin da mai sayar da waya ya buɗe masa, bai taɓa leƙa shi ba. Don haka kafin a sa hannu a tambayi dillali ya nuna, ba da baki ba, yadda manhajar ke tura saƙon tes zuwa layin MTN ko Airtel, da yadda take karɓar naira ta Paystack, Flutterwave, Monnify ko Remita. Idan amsar ita ce "za a iya haɗawa", a tambayi wa zai haɗa, nawa, kuma wa zai gyara idan ya tsinke.

Fita daga cikinta tana da rabin sauƙi. Sunaye da lambobi na fitowa a takardar Excel. Hotuna, takardun da aka ɗora da tarihin wasiƙu su ne kan maƙale. A gwada fitarwar tun a makonnin gwaji na kyauta.

CiviCRM

Wannan manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, wato asalin rubutunta a buɗe yake ga kowa, da aka yi don ƙungiyoyi, ana amfani da ita tun 2005. Babu kuɗin lasisi, babu caji bisa yawan mambobi. Tana hawa a kan shafin da aka gina da WordPress, Drupal ko Joomla. Tana da sashen mambobi mai sanin wanda rajistarsa ke aiki, wanda ke cikin kwanakin rangwame da wanda tasa ta mutu. Tana da sashen taruka da na kuɗi da na aika wasiƙu. Ta san bambancin kamfani da mutanen da ke wakiltarsa, abin da cibiyar ciniki ke buƙata, tunda mambanta kamfani ne amma mai jefa ƙuri'a mutum ne. Tana da ƙa'idojin gano suna biyu da ke na mutum ɗaya, da wurin musanya kalmomin kan allo, ta yadda za a iya mayar da yawancin abin da akawu ke dannawa kullum zuwa Hausa.

Kalmar "kyauta" ita ke yaudarar kwamiti. Za ku biya wanda zai kafa ta, za ku biya hayar saba (kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai) duk shekara, za ku biya sunan shafi, za ku biya mai kula. Na ƙarshen ne ake yankewa daga kasafi, kuma shi ne bai kamata a taɓa ba. Ana fitar da gyare-gyaren tsaro a kai a kai, na manhajar da na WordPress ɗin da ke ƙarƙashinta, kuma shafin da aka bari shekara biyu ba a sabunta ba ƙofarsa a buɗe take. Ba ta zuwa da haɗin kamfanonin karɓar kuɗi na gida tun asali, wannan aiki ne na daban da za a sa a yarjejeniya. Fuskarta ma ba ta da kyan ta manhajar haya, sabon akawu zai yi makonni kafin hannunsa ya faɗa.

Abin da ya sa nake ganin ƙimarta shi ne ƙofar fita. Rumbun bayanan naku ne, a sabar da kuka kama da sunan ƙungiya. Idan kun saɓa da wanda ya kafa, wani da ya san manhajar zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya, domin ba sirrin kowa ba ce. Gaskiya masu ƙwarewa a kanta ba su da yawa a Arewa kamar masu WordPress, don haka a nemo sunan mutum na biyu tun kafin a ba na farko aiki. Yawancin kuɗinta kuma a naira ake biya.

A gina muku taku

Wannan ce ta fi burge shugabanni. Tambarin ƙungiya a sama, sunan shugaba a shafin farko, a ƙaddamar da ita a gaban baƙi. Kuma tana da hujja ta gaskiya. Akwai ayyukan da babu manhajar waje da ta san su: taswirar kasuwa layi-layi da lambar kowane shago, bambancin mai shago da ɗan haya da mai tebur, kuɗin masu gadi da na shara da ake karɓa mako-mako, rabon rumfunan baje koli bisa faɗin fili. Kano da Kaduna da Zariya na da matasa masu iya wannan aiki sosai, kuma wanda ke gari ɗaya da ku zai iya zuwa ya zauna da akawu ya ga yadda ake yi.

Haɗarinta ma ya fi na kowa. Farashin farko ba shi ne farashi ba, domin ba a san abin da ake so ba sai an fara amfani, kuma kowane "ƙara mana kaza" kuɗi ne da lokaci. Manhajar da ƙungiya ɗaya kaɗai ke amfani da ita, ku ne masu gano duk kuskurenta, da kuɗin mambobinku. Sannan ga yadda labarin ya saba ƙarewa: wanda ya gina ɗan'uwan wani shugaba ne, an ba shi aikin babu takarda. Sunan shafi da imel ɗinsa ya yi rajista, saba da katinsa yake biya, asalin rubutun manhajar yana cikin kwamfutarsa. Ya sami aiki a Abuja ko Legas, ko kuma kawunsa ya faɗi zaɓe. Sababbin shugabanni sun gaji allon shiga da ba su da mabuɗinsa. Ba mugunta ake buƙata ba kafin haka ta faru, rashin takarda ya isa.

Idan za a bi wannan hanya, waɗannan su shiga yarjejeniya da lauyan ƙungiya ya gani. Asalin rubutun manhajar mallakar ƙungiya ne, a ajiye shi a asusun GitHub ko GitLab (ma'ajiyar rubutun manhaja a intanet) da aka buɗe da imel ɗin ƙungiya tun ranar farko. Sunan shafi, misali mai ƙarewa da .org.ng da ake samu ta wakilan NiRA mai kula da sunayen shafuka na Najeriya, a yi rajistarsa da sunan ƙungiya. A yi amfani da kayan gini da aka sani, waɗanda wani zai iya karantawa. A rubuta kuɗin kulawa na shekara da kwanakin da za a amsa kira. Biya kuma kashi-kashi: ni ba zan wuce kashi 30 cikin ɗari na kafin alƙalami ba, 40 idan akawu ya yi aiki da ita da bayanai na gaske, ragowar 30 bayan wata uku tana tafiya kuma an miƙa duk mabuɗai ga amintattu.

Kuɗin da ke bin kowane zaɓi

Ko wacce kuka ɗauka, akwai abin da ba ya cikin takardar dillali. Kamfanin karɓar kuɗi na yankar nasa. Tsarin da Paystack ya daɗe a kai na biyan cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100, ba ya wuce 2,000. A kan kuɗin shekara na naira 20,000, naira 400 ke nan, a mamba dubu kuma 400,000. Babban taro ne ya kamata ya ce wa zai ɗauka, ƙungiya ko mamba. Saƙon tes ma ya ƙara kuɗi tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kuma layin da mai shi ya toshe tallace-tallace ta lambar 2442 ba ya karɓar saƙon da aka turo ta hanyar talla, sai an kama hanyar saƙonnin hukuma wadda ta fi tsada.

Aiki mafi nauyi kuwa tsabtace tsohuwar rajista ne, kuma babu dillalin da zai yi muku, don bai san wa ya rasu ba, wa ya sayar da shago, wa ya koma Abuja. A ba kowane mamba lamba ta dindindin, a tabbatar da layin wayarsa, a yarda da bashinsa a rubuce kafin a kwashe zuwa sabuwa. A bar littafi da manhaja su tafi tare na wata biyu ko uku. Kada a yi ƙaura ana saura wata ɗaya zaɓe ko baje koli. Kuma ko wacce ce, duk ƙarshen wata a fitar da cikakken jeri a Excel, a buga na masu biya a takarda, sakatare da ma'aji su sa hannu, a ajiye kwafi ɗaya a wajen ofis. Wannan ne tanadin ranar da babu sabis.

| Ma'auni | Excel ko Google Sheets | Manhajar haya | CiviCRM | Kwangilar gini |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Kusan babu | Kaɗan | Matsakaici | Mai yawa |
| Kuɗin shekara | Kusan babu | Kullum, galibi a dala | Saba da mai kula, galibi a naira | Saba da mai kula, da kuɗin kowane ƙari |
| Lokacin fara aiki | Nan take | Kwanaki | Makonni zuwa watanni | Watanni |
| Sauƙi ga akawu | Ya riga ya iya | Da sauƙi | Sai da horo | Ya danganta da maginin |
| Aiki babu intanet | Excel na yi | Ba ta yi | Ba ta yi, sai in sabar na ofis | Sai an nema tun farko |
| Karɓar naira | Da hannu | A tabbatar kafin biya | Sai an haɗa | Ana iya ginawa |
| Sanin wa ya canza me | Rauni a Excel, dama-dama a Sheets | Akwai | Akwai, sai an kunna | Sai an sa a yarjejeniya |
| Ƙofar fita | A buɗe | Rabi | A buɗe | A rufe in babu takarda |
| Babban haɗari | Kuskure da kwafi barkatai | Canjin kuɗi da tsayawar haya | Rashin sabuntawa | Dogaro da mutum ɗaya |

Wacce ta dace da wa

Ƙungiyar layi ko ta sana'a ɗaya mai mambobi 'yan ɗaruruwa, wadda sakatarenta ɗan kasuwa ne da ke aikin sa kai: Google Sheets, da imel na ƙungiya, kowane mai shiga da nasa asusun, shafin kuɗi a kulle sai ga ma'aji. Kuɗin da za a kashe a manhaja a saya wa ofis sola da firinta.

Ƙungiyar da mambobinta kamfanoni ne masu karanta imel, irin ta masu masana'antu, masu fitar da riɗi da zoɓo, ko 'yan kwangila, tana shirya taruka da yawa kuma ba ta da ma'aikacin kwamfuta: manhajar haya. A fifita mai karɓar naira, a biya shekara guda kawai, a biya daga asusun ƙungiya.

Cibiyar ciniki ta jiha ko uwar ƙungiya mai rassa, mai dubban mambobi a matakai daban-daban da sakatariya mai albashi: CiviCRM, da sharaɗin kuɗin mai kula ya zama layi na dindindin a kasafin shekara. Idan kwamiti ba zai amince da wannan layin ba, a koma haya.

Ƙungiyar babbar kasuwa da aikinta ya rataya a kan shaguna, layuka da karɓar kuɗin mako-mako a ƙafa, ko cibiyar da rabon rumfunan baje koli ne babbar hanyar samunta: nan kaɗai kwangilar gini ta cancanta. Ko a nan ma, zai fi araha a bar rajistar mambobi a CiviCRM ko Sheets, a gina ƙaramin sashen da babu shi a kasuwa kawai, wanda mai karɓar kuɗi zai riƙe a waya ya yi aiki ko babu sabis, ya tura idan ya dawo ofis.

Ƙungiyar da ke cikin rikicin shugabanci, ko wadda zaɓenta bai fi wata uku ba: kada ta sayi komai yanzu. Ta tsabtace rajista a Excel, ɓangarorin biyu su sa hannu a kan jeri ɗaya, sayen ya jira sababbin shugabanni.